Ranar da Zara ta Fito da Hantsi

Litinin, 6 ga Maris 2006, bayan la'asar

Nas ɗin da ta sallame mu ce ta ba ni littafin nan. Ta ce in riƙa rubuta abin da mijina Alhaji ya ci, da lokacin da ya sha magani, da duk canjin da na gani. Ga na yau: kunu rabin kofi da safe, tuwo loma shida da rana, ƙwaya biyu, fara da ja. Canji kuwa, ya fi jiya kallon mutane.

Shekara ashirin da takwas na yi ina koyar da aji uku a firamare nan Talatar Mafara, ban taɓa yarda yaro ya bar mini shafi da layi biyu ba. Saboda haka nas ta yi haƙuri, zan ƙara da nawa.

Yau kwana goma sha ɗaya da Alhamis ɗin nan da ɓarin jikinsa ya shanye.

Talata, 7 ga Maris, bayan magariba

Kasuwa ta ci, ta tashi babu shi. Malam Sallau mahauci, abokinsa tun suna yara, ya biyo da hanta a ƙunshe, ya zauna bakin gado ya kwashe masa labarin kara kaf: shanun wa suka shigo, wa ya sayi bijimi ya gane gurgu ne sai da ya kai gida. Alhaji yana saurare yana cewa "To."

Ita kaɗai ce kalmar da ta rage masa yanzu. Mutumin da shekara talatin nake roƙo ya bar ni in ƙarasa zance ɗaya. Amma fa ya iya sarrafa ta. Akwai "to" ta yarda, akwai ta tambaya, akwai wata doguwa da yake yi idan na kawo magani, wadda in da a ce zagi ne da na kai ƙara.

Malam Sallau ba ya kiransa da suna, sai Mai Taurari. Asalin sunan shi ne, shekarar da naira ta fito, Alhaji yana saurayi ya bi kawunsa sayen shanu can arewa da Agadas, cikin duwatsun Azbin. Ya dawo yana ba da labari wai rana ta mutu da tsakar rana, gari ya yi duhu, taurari suka fito, raƙuma suka durƙusa don kansu. Mutanen garinmu sun tuna ranar, sun ce rana dai ta ɗan dushe, amma taurari sai a bakin Alhaji. Tun daga nan babu sunan da aka yi ko ɗaurin aure da bai ba da labarin nan ba, kuma babu wanda Malam Sallau bai ƙaryata shi ba. Ni kaina na ji shi ya fi sau ɗari. Kowace shekara raƙuman ƙaruwa suke yi.

Yau da Malam Sallau zai tafi ya ce, "Mai Taurari, yi maza ka tashi, na rasa wanda zan ƙaryata." Alhaji ya yi dariya da gefen bakin da ke yi.

Alhamis, 9 ga Maris, hantsi

Kunu kofi ɗaya. Ba na son Alhamis.

Asabar, 11 ga Maris, bayan azahar

Ɗiyata Bilkisu ta zo daga Bakura, inda take koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin babanta, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce masa ranar Laraba ashirin da tara ga wata za a yi husufin rana, cikakke, kuma ta kanmu zai bi. Ta ce an aiko musu da takarda makaranta, rediyo ma ta fara faɗa.

Na ce ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta rufe taga, ta ba ni tocila ta ce ni ce rana. Ta ɗora ƙwarya a kife bisa kujera ta ce duniya ce, ta ɗauki goruba ta ce wata ne. Da ta ratsa da gorubar tsakanina da ƙwaryar sai ga ɗan baƙin tabo yana tafiya a bayan ƙwarya. Ta ce wanda tabon nan ya bi ta kansa shi kaɗai ke ganin rana ta rufe ruf, har taurari su fito. Na gefe kuwa sai dai su ga an gutsure ta, gari ya ɗan dushe. Faɗin inuwar bai kai kilomita ɗari biyu ba, kuma gudu take yi, minti uku da ɗan wani abu ta wuce. Ta ce ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, kuma gari ɗaya yakan yi shekara ɗari uku bai sake gani ba.

Sai ta juya ta ce, "Baba, ashe kai cikin tabon kake a Azbin, su Baba Sallau suna gefe. Kowa abin da ya gani ya faɗa."

Alhaji ya damƙi hannunta da hagunsa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Na ga labarin nan ya taso masa gaba ɗaya, da raƙumansa da komai, ya zo ya tsaya a maƙogwaro. Na ce musu na bar tukunya a wuta.

Ban bar komai a wuta ba.

Lahadi, 12 ga Maris, bayan la'asar

Malam Sallau ya ji labari. Ya ce rediyo ma ai mutum ne ke magana a ciki, shi sai ya ga tauraro da idonsa. Ya ce in ya gani zai yanka rago ya raba, in bai gani ba Alhaji ya yarda raƙumi ɗaya ne. Alhaji ya ɗaga yatsu huɗu. Bara bakwai ne.

Ya cinye tuwonsa yau, har da neman ƙari.

Talata, 14 ga Maris, bayan magariba

Adda Gimbiya, yayar Alhaji, ta iso daga Maradun da ƙullin kayanta da kaji biyu, ta ce sai ya taka da ƙafarsa za ta koma. Mun shekara talatin muna zaman mutunci ni da ita, daga nesa. Yanzu ga mu tukunya ɗaya. Tun kafin ta sha ruwa ta sake wa gadonsa wuri, ta ce ina ba shi kunu da ruwa-ruwa kamar na mai jego.

Ta ji zancen husufin a mota. Ita ba ta musu. Ta ce lokacin da masu takarda suka zo tsohon Maradun suka ce ruwan dam zai ci gari, dariya aka yi musu, ga shi yau kifi ne ke kwana a ɗakin da aka haife ta. Tun daga ranar, in 'yan boko suka sa wa abu rana, ba ta gardama, ɓuya take yi. Hukuncinta shi ne ranar za a rufe ƙofa da taga, a rufe randuna, mara lafiya da mai ciki ba su leƙa waje.

Na ce mata Bilkisu ta ce ba abin da yake yi wa mutum, in dai bai kalli rana da ido tsirara ba. Ta ce Bilkisu a bayanta ta yi fitsari.

Juma'a, 17 ga Maris, bayan azahar

Ya so ya je bayi da kansa, ya faɗi. Mun ɗaga shi ni da Adda. Bai ci komai ba, ya juya fuska bango. Da aka yi kiran sallar Juma'a na ƙara ƙarar rediyo, ban san dalili ba.

Asabar, 18 ga Maris, bayan la'asar

Yau da sauƙi. Na je wurin Lado mai walda a bakin tasha neman baƙin gilashin da suke sawa a fuska. Bilkisu ta ce sai mafi duhu, in ba a samu ba a haɗa biyu. Ta hana tabarau, ta hana gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila, ta hana kallo a cikin kwanon ruwa, duk abin da muka sani dai ta hana. Lado ya ba ni guda huɗu, ya ce a gaida Alhaji, shi ne ya sasanta shi da surukinsa shekarun baya.

Na gwada a tsakar gida. Rana ta koma 'yar ƙaramar koriya kamar ɗanyen lemo. Na kai wa Alhaji bakin taga na riƙe masa, ya daɗe yana kallo, ya ƙi sakin gilashin. Yanzu haka yana ƙarƙashin matashinsa. Adda ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

An aiko daga gona cewa an gama yankan alkama, shinkafar rani kuma ta yi kyau, ruwa na zuwa a kanal yadda ake so. Sun ce in zo in duba. Gonar tana hanyar Birnin Tudu, ba nisa. Na ce su ci gaba, na yarda da su. A bakin kanal ɗin nan aka ɗauko shi.

Litinin, 20 ga Maris, bayan azahar

Ɗana Hayatu ya bugo daga Sakkwato, can yake aiki. Shi ya yi ta zirga-zirga har ya samo mana ganin babban likita, aka sa mana ranar ashirin da biyu. Yanzu ya ce saboda ƙidayar jama'a da za a fara gobe, an ce kowa ya zauna gida, an ɗaga mana zuwa Laraba ta sama. Na ƙirga da yatsu. Ashirin da tara.

Na ce ai ba komai, ma gani a can. Na buga wa Bilkisu, ta ce Sakkwato tana gefe. Za a ga rana ta zama kamar jinjirin wata, amma ba za ta rufe ba, ba taurari.

Ban gaya wa Alhaji ba. Tuwo loma tara.

Alhamis, 23 ga Maris, bayan la'asar

Masu ƙidaya sun zo, mace da namiji, da jaka da tawada. Namijin ya ce maigida ne zai amsa. Na ce ni ce bakinsa. Suka yi ta tambaya, suna, shekaru, sana'a, ɗaki nawa, ina muke ɗebo ruwa. Adda ta ce a rubuta ta a Maradun, kuma tsohon, ba sabon ba. Da aka tambaye ta shekaru ta ce su je su tambayi dam.

Daga nan yarinyar ta karanto wani layi, ko akwai mai nakasa a gidan, ta gani ko ta ji ko ta magana ko ta tafiya. Ta ɗago ta dubi Alhaji, ta dube ni, biro a hannu. Na ce mata jinya yake yi. Ta ce to, Hajiya, ta rubuta wani abu, ban leƙa ba.

Da za a sa masa tawada sai ya miƙa hagu da kansa, ya duba babban yatsan ya nuna wa Adda kamar wanda aka ba lambar girma.

Asabar, 25 ga Maris, hantsi

Katin asibiti yana cikin jakata, gilashi yana ƙarƙashin matashi. Ban gaya masa ba.

Lahadi, 26 ga Maris, bayan azahar

Muna tsince shinkafa ni da Adda, sai ta ce ta san abin da ke cina, ta ji wayata da Bilkisu. Na yi zaton za ta ce gara ma haka. Sai ta ce jiya tana shara bayan tagarsa ta ji shi shi kaɗai yana ta fama da bakinsa, yana son ya ce wani abu mai "ta" a farko, ya yi ya fi sau ashirin. Ta ce ba ta san ko sunana yake nema ba ko taurari. Na ce taurari ne, na san mijina.

Ta ce ranar da ya dawo daga Azbin ita ya fara ba labarin, tana daka, ta ce masa zazzaɓi ne ya kama shi a hanya. Ta ce ita ta fara yi masa dariya duk duniya, kafin Sallau.

"Ni dai ɗaki zan shiga in rufe," in ji ta. "Amma shi ki fitar da shi, Taiba. In Hayatu ya yi faɗa ki turo mini shi."

Ban san sanda na ƙara mata nama a miya ba yau.

Talata, 28 ga Maris, bayan magariba

Hayatu ya iso da azahar da motar abokinsa, don mu yi sammako gobe. Bilkisu ma ta zo. Na bari ya ci abinci, sannan na gaya masa a zaure ina so a ɗaga tafiyar saboda husufin. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya lissafa mini sau nawa ya je asibitin nan, da wanda ya roƙa, da yadda mutane ke kwana a layi. Ya ce likita ya ce makonnin farko su ne masu muhimmanci. Sannan ya ce, "Inna, in muka ɗaga wani abu ya faru, me za mu ce wa kanmu? Mun tsaya kallon rana?"

Tambayar da nake yi wa kaina ke nan kwana takwas. Na ce masa ni da shi duk muna ta yanke wa mutum hukunci kamar ba ya gidan, alhali bakinsa ne ya tafi, ba hankalinsa ba.

Muka shiga. Na zauna na gaya wa Alhaji komai, ban rage ba, har da abin da likita ya ce game da makonnin farko, wanda da ma ban taɓa gaya masa ba. Na ajiye katin asibiti a kan bargo, na zaro gilashin na ajiye kusa da shi. Ya dubi Hayatu ya daɗe. Ya ɗauki katin, sai ya miƙa wa Hayatu, ya dafa masa hannu, ya jijjiga. Sannan ya ɗauki gilashin ya sa a aljihun gaba.

Hayatu ya fita. Na jiyo shi a waje yana waya yana ba wani haƙuri.

Sai kuma wata sabuwa. Na ce za mu shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya ƙi. Ya yi ta zana da'ira da hannu yana nuna nesa. Bilkisu ce ta gane. A labarinsa kullum yana cewa gefen sama duk ya yi ja ta kowace fuska, kuma a tsakar gida katanga za ta tare. Fili yake so. Na lissafo masa filin makaranta, filin idi, yana girgiza kai. Na san inda yake nufi tun farko, na dai bar shi a ƙarshe.

Malam Sallau ya ce zai kawo motarsa a-kori-kura, zai sa a wanke ta da omo saboda ƙarnin nama.

Laraba, 29 ga Maris, bayan asuba

Sama tas, ko gajimare ɗaya babu. Ya tashi kafin ni. Ya nuna babbar rigarsa ta sallah. Allah ka sa ban yi kuskure ba.

Laraba, 29 ga Maris, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban manta ba, ko da yake ba na jin zan manta.

Mun isa gona wajen ƙarfe tara. Hayatu da Malam Sallau suka sauko da shi a kan kujera suka ajiye ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin kanal. Na yi ta kauce wa kallon wurin da aka ɗauko shi, sai na ga ashe ba komai a wurin, ciyawa ce da sawun shanu. Adda kuwa, wadda ta rantse za ta rufe kanta a ɗaki, da mota ta tashi sai ga ta da mayafi har biyu, ta ce ba za ta bar ƙanenta a hannun mahauci ba. Ta zauna ta ba rana baya.

Tara da kusan rabi Bilkisu ta duba ta gilashi ta ce an fara. Na karɓa. An ɗan gutsuri gefen rana ta sama, kamar ɓera ya taɓa ƙuli-ƙuli. Mazan da ke aiki a gonaki suka taru, wani dattijo ya ja su sallar husufi a kan gaɓa, Hayatu da Malam Sallau suka bi. Alhaji ya yi tasa a zaune, mu ma muka yi tamu. Daga garuruwa ana jiyo lasifika, wani wuri kuma yara na bugun gwangwani.

Bayan an idar aka zauna jira. Gilashi huɗu ya zagaya hannu ya fi talatin, Bilkisu na bin kowa da faɗa kamar a aji. Wajen ƙarfe goma haske ya fara canjawa. Rana na nan, amma ba ta da zafi, kuma launin komai ya koma kamar an yayyafa toka. Adda ce, da ke kallon ƙasa, ta fara ganin abin mamaki. Hasken da ke ratsowa ta ganyen dogon yaro duk ya zama 'yan jinjirayen wata, ɗaruruwa, a kan tabarma, a kan rigar Alhaji, har a bayan hannunta. Ta yi ta salati tana karkaɗe zanenta.

Sai iska mai sanyi ta taso. Balbelu suka tashi daga cikin shinkafa suka yi layi suka nufi inda suke kwana. Shanun wani Bafulatani da ke ƙetaren kanal suka juya da kansu suka kama hanyar ruga, yana binsu yana kira. Kwaɗi suka fara. Rana ta rage kamar zare. Hira ta mutu, ba wanda ya ce a yi shiru.

Goma da rabi ta ɗan gota, na ga duhu ya taso daga kudu maso yamma, ba kamar hadari ba, ya fi shi sauri nesa. Kafin in ce wani abu ya rufe mu. Bilkisu ta ce a ajiye gilashi, yanzu a kalla da ido.

Na ɗaga kai. Inda rana take sai baƙin faifai, baƙi ƙirin, kewaye da shi wani farin haske mai laushi yana miƙe gashi ta kowane gefe. Ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Ƙasan sama kuwa, gabas da yamma da kudu da arewa, duk ya yi ja kamar magariba ta faɗo ta ko'ina lokaci ɗaya. Ruwan kanal ya ɗauki jan. Mutane na ta kabbara, wata mata na kuka, wani kuma dariya yake yi ba ya iya tsayawa.

Na juyo in ga Alhaji. Shi ba rana yake kallo ba. Ya ɗaga hagunsa sama ta wajen yamma, yatsa a miƙe, idonsa a kan Malam Sallau. Muka bi yatsan. Ga Zara nan, fes, ita da muka saba gani da asuba, tana haske da hantsi. Can kuma ga wani ƙarami.

Malam Sallau ya cire hula. Ya durƙusa gaban kujerar ya ce, "Na gani, Labaran. Wallahi na gani. Shekara talatin da uku kana faɗin gaskiya muna yi maka dariya." Rabon da in ji ya kira shi da sunansa tun kafin a haifi Hayatu.

Adda ta yaye mayafi ɗaya, ta leƙa, ta yaye na biyun. Hayatu yana tsaye bayan kujera, hannayensa a kafaɗun babansa. Ban kalli fuskarsa ba, na bar masa abinsa.

Sai wani ɗigon haske ya ɓullo a gefen faifan, mai ƙarfi, Bilkisu ta ce kowa ya sunkuyar da kai. Gari ya waye karo na biyu. Zakarun Birnin Tudu suka yi cara, balbelu suka dawo suna ta shawagi kamar waɗanda aka yaudara. Bilkisu ta ce minti uku ne da 'yan daƙiƙu. Ni da an tambaye ni sai in ce ban fi numfashi biyar ba.

A hanyar dawowa Malam Sallau ya ce taurari ya yarda, amma raƙuma bai ga ko ɗaya ya durƙusa ba. Alhaji ya yi ta dariya har da tari.

Kunu kofi ɗaya, shinkafa rabin faranti, ƙwaya biyu. Yana barci.

Alhamis, 30 ga Maris, bayan azahar

Rago ya iso, an raba har maƙwabta. Tun safe zaure cike yake, mutanen kara suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna ba Alhaji labarin abin da suka gani, kowa da ƙarinsa. Wani ya ce ya ƙirga taurari arba'in. Alhaji ya dube ni, ya girgiza kai, wai mutumin ya cika ƙari.

Hayatu ya koma. An ba mu Laraba mai zuwa. Da zai shiga mota ya ce in ajiye masa gilashi ɗaya.

Sai da na rubuta kwanan wata na lura yau Alhamis ce.

Alhamis, 6 ga Afrilu, hantsi

Jiya mun je Sakkwato mun dawo. Likita ya duba takarda ya tambayi dalilin da ba mu zo makon jiya ba. Hayatu ya buɗe baki zai rufa mini asiri, na riga shi na faɗi gaskiya. Ya yi mini faɗa, na karɓa, yana da gaskiya. Ya gwada ƙafa, ya gwada hannu, ya sa shi ya bi yatsa da ido. Ƙafar ya ce za ta taka in an dage da motsa ta. Abin da ya ce game da hannun na ji, ba sai na rubuta ba. Maganar kuma ya ce ba wanda zai iya yi mini alkawari, a dai riƙa yi masa hira.

Har mun miƙe sai ya ce, su a nan sun fito harabar asibiti sun ga ta rage kamar yankan farce, sannan ta dawo. Wai da gaske ne an ga taurari a wajenmu? Na koma na zauna. Nas ta leƙo sau biyu kafin in gama ba shi labari.

Asabar, 8 ga Afrilu, bayan azahar

Tun da muka baro asibiti a watan jiya aka hana shi gishiri, ko ƙwaya. Ni nake dafa masa tasa miyar daban, kuma ni na san ba ta da daɗi, don na ɗanɗana.

Yau na kawo masa tuwo da miyar kuka, Adda na gefe tana yi masa fifita. Ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya ajiye cokali. Ya dube ni. Na ga bakin yana aiki, na ce a raina ga doguwar nan ta zo. Ya ja numfashi, ya runtse ido.

"Gi… gishiri."

Muficin Adda ya faɗi. Na ce ya sake faɗa. Ya sake, har da nuna kwanon, ransa a ɓace sosai. Mako shida da kwana biyu ina jiran in ji me zai fara ce mini, na yi ta saƙa kalmomi masu daɗi a raina, ashe ƙorafi ne.

Adda ta share ido ta miƙe za ta kicin. Na tare ƙofa na ce likita ya hana. Ta ce mutum ya yi magana bayan kwana arba'in a hana shi abin da ya roƙa? Muka yi ta yi, shi yana kallonmu yana maimaita kalmarsa, kowane karo tana ƙara fita.

Na sa masa ɗan kaɗan a bakin cokali. Nas, in kin karanta nan, ki yi haƙuri. Loma goma sha huɗu.